Yadda Na Yi Gadin Murjani a Hanyar Farasan

Shekara tara na yi ina tuƙa kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a Saudiyya, a mota, daga gidansa zuwa ofishinsa na unguwar Bagdadiyya a Jidda, kafin ya sayi jirgin ruwa na shaƙatawa. A ganinsa direba direba ne, ko a kwalta ko a teku. Wata Laraba ya ce da ni, "Yalla, shirya kayanka, mako mai zuwa sai tsibiran Farasan."

Ban taɓa shiga ko kwalekwale ba. Da na tashi aiki na wuce unguwar Waziriyya wajen Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya tsufa a jiragen katako tsakanin Port Sudan da Jidda. Na same shi yana daka citta don gahawa.

"Ruwan sha tukuna, ɗana," in ji shi. "Abin da kuke zaton ya isa, ku ninka. Yawancin tsibiran nan ba kanti, ba famfo. Iƙamarka, katin zamanka a ƙasar nan, ka ƙulle ta a leda. Kada ku ɗaga sai da takardar izinin masu gadin teku. Anga kuma, ƙugiyar tsayar da jirgi, a jefa ta a yashi, in ta maƙale a dutse, to kun yi sadaka da ita."

"Shi ke nan, Kawu?"

"Saura babba. Duwatsun murjani suna kwance dab da saman ruwa. Ba a shiga tsakanin tsibirai sai rana ta yi sama tana bayanku. Shuɗi, ku wuce. Kore, ku rage gudu. In ruwa ya yi ruwan ƙasa, ka yi ihu."

Na isar da saƙon ga matuƙin jirgin, wani Bamisire da ake ce wa rayyis. Ya yi dariya, ya shafa allon na'urarsa, ya ce wannan ta fi kawuna ido.

Ko barin gaɓar Jidda ba mu gama yi ba cikina ya juya. Na lallaɓa na tafi can goshin jirgi inda ba mai ganina, na rungume ƙarfe, na rataye kai. Nan na tare kwana uku. Abin da na ci, da wanda na yi niyyar ci, duk na ba kifaye.

Rana ta uku muka hango tsibiran, la'asar ta yi sanyi. Rayyis kansa ya so a jira gobe da hantsi, amma kafili ya ƙagu ya taka ƙasa. Aka kutsa. Ni dai ina inda nake, kaina a rataye, sai na ga ruwan da nake ta zuba wa ido ya tashi daga shuɗi ya koma kore. Kafin in haɗiye yawu ya zama kamar kunun kanwa. Cikin Larabawa aka haife ni, amma a lokacin ko kalma ɗaya ta Larabci ban samu ba.

"Wayyo Allah! Ruwan ƙasa! Birki! Ku taka birki!"

Ba mai jin Hausa a jirgin. Sai dai irin wannan kururuwa ba ta neman tafinta. Rayyis ya ja injin baya da ƙarfi, butar shayi ta kife a kan farar rigar kafili, jirgi ya tsaya. Muka leƙa gaba ɗaya. Ga dutse nan shimfiɗe kamar tabarma, ƙananan kifaye suna kai da kawo a kansa.

Kafili ya dafa kafaɗata, har idonsa ya kawo ruwa. "Kun gani? Kwana uku bawan Allah nan bai ci ba, bai ɗaga kai daga ruwa ba, yana gadinmu!" Na buɗe baki in faɗi gaskiya, abin da ya taso ba magana ba ce, na sake sunkuyawa. "Mashallah," in ji shi, "har yanzu yana dubawa."

Washegari muka isa babban tsibirin. Na sauka na kwanta rub da ciki a yashi, shi ma yana lilo. Da na samu kaina na ce wa kafili motar gida tana buƙatar kanikanci da gaggawa, gara in riga su komawa ta ƙasa. Ya amince da ƙyar. Na tari wani mai sayar da kifi na tambaye shi ina tashar mota. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce nan tsibiri ne, ya nuna mini ƙaton jirgin fito da ke tsallakar da mutane zuwa garin Jizan.

Na shiga. Na nemi kujera kusa da banɗaki.