Bajamushen da na haɗu da shi a jirgin Raleigh

Titin Gate City Boulevard, 5:40 na asuba

Na fito da jakar takardu, gari bai waye ba. Lauya ce ni a ƙasarmu, a nan ƙasar waje kuwa shekara goma sha ɗaya ina jinyar tsofaffi. Birnin Raleigh na nufa, in ji ko za a bar ni in zauna jarrabawar lauyoyinsu. A cikina kuma akwai maganar Yaya Habu: mutanen Malumfashi na so in dawo in tsaya takarar majalisar jiha, amsa yake jira yau.

Malam Isa mai tasi ya sauke ni a tasha, ya ƙi karɓar ko sisi. "Barista, ki dai tuna da mu in kin zama gwamna."

Cikin jirgin ƙasa, mil tamanin

Hazo ya kwanta kan itatuwa, barci na fizgata. Ina ganin kaina a kan mumbari, mata na guɗa.

Dattijon da ke gefena ya hangi takarduna, ya yi murmushi. Bajamushe ne, ya zo ganin 'yarsa da ke koyarwa a jami'a. Shi ma lauya ne da, in ji shi, a wani ƙaramin gari. Ya taɓa shan kaye a shari'ar wasu manoma da ya tsaya wa, alƙali ya ce haka doka take. Sai ya rufe ofis, ya shiga majalisar jiharsu don ya gyara layi ɗaya na dokar. Shekara goma sha tara ya yi kafin layin ya gyaru.

"To me kake yi duk tsawon lokacin?"

"Jana'iza," ya ce. "Rabin aikin ke nan. Ba wanda aka binne a mazaɓata ban tsaya a kansa ba."

Ya juya yana kallon taga. Guɗar da ke kunnena ta ɗauke.

Raleigh, 9:15

Minti ashirin na yi a ofishin hukumar lauyoyi, aka ba ni wasu takardun in cike. Na sha shayi a tsaye, na bi jirgin rana.

Gida, bayan la'asar

Alhamdu lillahi, na iso lafiya. Allah ya saka wa Malam Isa, da dattijon da ban ko tambayi sunansa ba. Na kira Malumfashi.

"Yaya, zan zo, amma ba takara tukuna. Ka rubuta min gidajen da aka yi rasuwa tun tafiyata, in bi su da gaisuwa."



"To, Hadiza," ya ce. "Sai mu fara da namu gidan."