Randunan Rahmatu

Duk wanda ya taɓa bin layin bayan masallaci a unguwar Mayo ya san randuna ukun nan da ke ƙofar gidan Rahmatu 'yar Ibrahimu, a ƙarƙashin wata 'yar rumfar buhu, da moɗa ɗaure da igiya. Sabil ake ce musu, wato ruwan sadaka ga duk mai wucewa. Kakanta ne ya fara ajiye su. Ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je Makka, ƙishirwa ta kusa kashe shi a hanya, wata tsohuwa ta ba shi ruwa, shi kuwa ya yi alwashin ƙofarsa ba za ta rabu da randa ba. Makka bai kai ba, a nan ƙasar masu Larabci ya zauna, amma alwashin ya kai har kan jikarsa.

Rahmatu ba ta da daɗin baki, wannan kowa ya shaida. Tana soya ƙosai a bakin tasha, in ka taɓa ba ka saya ba, har kakanka sai ya ji a kabari. Amma ruwanta garau yake. Na masu karo, waɗanda ke jan ganga da jaki, da damina kamar kunun kanwa yake zuwa. Ita sai ta tafasa shi, ta daka 'ya'yan zogale ta barbaɗa, laka ta kwanta, sannan ta tace ta cika randuna. Haka ta ga uwarta tana yi.

Shekarar da ruwan sama ya yi yawa, unguwa ta zama tafki, masai suka tumbatsa cikin layi, amai da gudawa ya shigo. Cikin mako ɗaya aka fitar da gawa huɗu. To, mutum in tsoro ya kama shi, sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, kuma ba ya neman mai ƙarfi.

Hussein, maƙwabcinta, shi ne shugaban kwamitin unguwa. Iyayensa Hausawa ne da suka yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira, amma tun da ya samu kujera ya daina Hausa, ko gaisuwa sai da Larabci. Shi ya fara cewa ya ga Bafallatiya tana zuba gari a ruwa. Fallata dai sunan da ake jifan Hausawan nan da shi ke nan, kuma da an ambace shi sai a tuna da asiri.

Da hantsi ya zo da mutane, da taɓarya a hannunsa.

"Ya Hajja, shinu da kike zubawa a moya?" in ji shi, wato me take zubawa a ruwa.

"Zogale ne, ɗan Fadila. Uwarka ma da shi ta tace ruwan da ta yi wankan jegonka. Ka yi mini Hausa, ba baƙo ba ne kai."

Aka yi dariya, dariyar kuwa ita ta ƙarasa ɓata abin. Ya ɗaga taɓarya ya sauke wa randar farko, ya bi ta biyu, ya bi ta uku. Ruwa mai tsabta ya gangara ya haɗu da ƙazantar layi. Cikin masu kallo babu wanda bai taɓa shan ruwan nan ba, kuma babu wanda ya ce uffan. Wannan shirun ya fi taɓaryar yi mata ciwo. Ta tsince katangar fasassun randunan ta shige gida, ta tsani mutanen layin gaba ɗaya, ba ta kuma ɓoye ba.

Kwana shida ƙofar ba randa. Masu wucewa suka koma shan na karo yadda ya zo. Rahmatu ta ci gaba da tafasa nata a cikin gida, a wani tulu guda, ko ɗigo ba ta fitar ba. Alwashin kakanta na cin ta a rai, fushi kuma ya hana ta motsi.

A kwana na bakwai da azahar aka buga ƙofa. Hussein ne, ba rawani, ba takalmi. 'Yarsa Safa ce ta kwanta tun safe, an ce a haɗa mata ruwan gishiri da sukari da ruwa mai tsabta, gawayin gidansa duk ya jiƙe, na karo kuwa ga shi nan ja wur.

"Moya," ya ce.

Rahmatu ta dube shi kamar ba ta ji ba.

Ya sake cewa, wannan karon da Hausa: "Inna, ruwa. Don Allah ki taimake ni da ruwa."

"Ashe bakin bai mutu ba."

Ta shiga ta ɗauko tulun ta dire a gabansa, ta ce na yarinya ne, don yarinyar ba ta fasa wa kowa randa ba. Ta ga leɓensa ya bushe ya tsage. Ta koma ta zaɓo gindin randar kakanta, wanda taɓarya ta bari da ɗan zurfi, ta zuba ruwa a ciki ta miƙa masa.

"Kai kuma sha a nan. Abin da ka bar mini ke nan."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sha a gaban mutanen layi, bakin katangar yana yankar masa leɓe.