Ranar da Na Zama Ƙwayar Ciyawa

Bari in faɗi laifina tun kafin yayyena su riga ni: ni na zuba irin albasar kakana cikin man gyaɗa. Tafi ɗaya ne tak, amma in ka ji yadda ake ba da labarin a garinmu Danchadi, sai ka rantse rumbu guda na soye.

Daga makarantar midil ta Sakkwato abin ya taso. Saura mako guda hutu, Baturen da ke koya mana kimiyya ya shigo da wata na'ura mai hannu irin na keken ɗinki. Ya zuba man zurma a faranti, ya tsoma faifan ƙarfe biyu suna fuskantar juna, ya barbaɗa dogayen ƙwayoyin ciyawa a tsakani, kowace ta kwanta yadda ta ga dama. Yana murza hannun sai suka fara juyawa, suka miƙe ɗoɗar, kai wajen wannan faifai, gindi wajen wancan. Ko limamin garinmu bai taɓa daidaita sahu haka ba.

Ya ce lantarki iri biyu ne, na tarawa da na ɗebewa, kowane yana jan wanda ba irinsa ba. Na'urar ta ɗora iri ɗaya a kan wannan faifai, ɗayan a kan wancan, sai jan da ke tsakaninsu ya zama daidai a ko'ina. Ƙwaya kuwa sai ta yi kai biyu, wannan tarawa, wancan ɗebewa. Ana jan ɗaya gabas, ɗaya yamma, da ƙarfi iri ɗaya, don haka ba ta zuwa ko'ina. Juyawa kawai take yi har ta miƙe.

Na iso gida na tarar Kaka ya yanke hukunci: boko ya ƙare, jigon ban ruwa na jirana a fadama. Na yi ta cika baki, na ce yanzu ko hatsi na umarta sai ya bi sahu.

"To, ja'iri," in ji shi, "gwada mini abu guda da idona ka gani, ka koma. In babu, ga jigo."

Bayan la'asar na shirya a zaure. Murfin gwangwani biyu, man gyaɗar tsohuwa matar Kaka, da batirin tocilar kawuna, makiyayi da ya zo daga Shagari duba mu. Na rasa ƙwayar ciyawa, sai na leƙa wani gora da ke rataye na ɗebo abin da na samu. Ban tuna cewa irin albasa dunƙule yake ba, ba shi da kai balle gindi. Ban kuma san batirin tocila ko kusa da ƙarfin waccan na'ura bai kai ba.

Muka zuba ido. Muka yi ta zuba ido har gemun Kawu ya ƙara tsawo. Abu ɗaya ya motsa, ƙuda ne da ya faɗa ciki.

Kaka ya tsoma yatsa ya duba. "Wanga ba irina na ba?"

Tsohuwa ta leƙo. "Mijin banza! Da maina kaka tsahi?"

Na ga jigo ƙiri-ƙiri. Sai bakina ya kama zuba bayanin Bature, gabas, yamma, kai biyu, har ina haɗawa da rantsuwa. Kawu ya katse ni.

"Ai wanga riƙon sa na. Guda shi ja igiyar ƙaho, guda shi ja ta ƙahwa. Sa ba shi tahiya ko'ina, sai dai shi miƙe tsakaninsu."

Idon Kaka ya yi haske. "A kawo igiya. Kai, ɗan boko, kai aƙ ƙwayar."

Aka fito da ni tsakar gida. Ya zana da'ira da sandarsa, ya tsayar da ni ciki, na ware hannuwa, ɗaya kudu ɗaya arewa. Yayyena biyu, waɗanda suka daɗe suna jiran rana irin wannan, suka ɗaure min wuyan hannu. Wannan ya ja gabas, wancan yamma. Na juya kamar mazari, na tsaya cak, hannuwa a miƙe tsakaninsu. Kaka ya sunkuya ya duba ƙafafuna, suna cikin da'irar.

"A sake."

Sau biyar aka sake. A na shida ya ƙifta wa na yamma ido ya sassauta, sai ga ni can gabas cikin akurkin kaji.

"To, malam, yanzu mi as sa ka tahi?"

Na tofar da gashin kaza na ce, "Ranka shi daɗe, jan bai zama daidai ba. In gehe guda ya hi ƙarhi, ƙwaya takan juya, ta kuma bi shi."

Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce yaron da ke ba da amsa daga cikin akurki, jigo ba zai amfana da shi ba.

Da hutu ya ƙare Kawu ya raka ni Bodinga na hau mota. Kwana huɗu na yi a aji ban iya ɗaga hannu ba, don har lokacin jan igiyar nan bai sake ni ba.