Sai Dutse Ya Bushe

Jiya a unguwar Koki na ga wani dillali ya lashi dutsen da yake sayarwa, ya ɗauki hotonsa da waya tun yana da danshi. Sai na tuna kawuna, Allah Ya jiƙan rai.

Sana'arsa ɗaukar hoton duwatsu masu daraja, ni kuma ina tsara hotunan a ƙananan littattafan da masu tara duwatsu ke saye. A zaurensa na Goron Dutse yake aiki, da hantsi kawai, a kan baƙin zane mai warin shuni. Jiƙaƙƙen dutse yakan yi sheƙi, tsagarsa ta ɓuya. Shi ya sa kawu ba ya ɗaukar dutse sai ya bushe.

Wata rana wani Alhaji ya kawo koren dutse, ya shafa masa yawu, ya ɗora a zanen.

"Malam, ɗauka yanzu, ka ga yadda yake walƙiya."

Kawu ya ɗauke hannunsa daga kyamara, ya ce, "Alhaji, a sha shayi tukuna."

Muka zauna har rana ta taɓo tabarma. Dutsen ya bushe, siririyar tsaga ta fito daga sama har ƙasa. Sannan kawu ya danna. Alhaji ya naɗe dutsensa ya fita, kuma daga ranar shi da abokansa suka ɗauke ƙafa. Kawu bai taɓa tayar da zancen ba.

Allah Ya lulluɓe masa tasa tsagar, ko da yake shi bai taɓa lulluɓe ta dutse ba.