Eleodoro Pincay, Mai Zanen Gine-ginen Gari

Eleodoro Pincay ya tashi a unguwar masu sassaƙa jiragen ruwa a birnin Guayaquil, a hannun kawunsa Nicanor, kafinta mai zafin baki. Wurinsa ya koyi awo, da gane katakon da gara ba ta ci. In ya ja layi ya karkace, kawun sai ya ce, "Kai ɗan nan, wannan jirgi ne ko ayaba?"

Yana saurayi gobara ta cinye unguwarsu, mahaifiyarsa ba ta fito ba. Kawun ya sayar da kwale-kwalensa ya tura shi birnin Lima karatun zanen gini. Can ya sha sanyi da dariyar 'ya'yan manya, don hannayensa duk kanta ne. Ya dawo da magana ɗaya a bakinsa: a daina gini da katako da gora, a faɗaɗa tituna yadda wuta ba za ta tsallaka ba.

Majalisar gari ta ɗauke shi aiki. Masu gidajen haya suka ce ba wanda zai ci musu taku ɗaya na fili. Fataken kokon cakulan suka ce titin da suke shanya shi a kai ya ishe su. Kowane sabon magajin gari sai ya kira shi, ya yaba zanen, sannan ya ce, "Malam Eleodoro, wannan sai a hankali. Yanzu dai zana mana wurin shan iska, da gunki a tsakiya." Ya zana su har ya gaji. Abin da ya tsaya da bulo yadda yake so, ɗakin jinyar masu ciwon shawara ne kawai, shi ma rabi aka gina.

Sai da ya yi furfura, idonsa ya fara hazo, aka kawo matasan injiniyoyi daga Turai da siminti da rodi. Abin da ya daɗe yana roƙo suka faɗa, majalisa ta tafa musu. A gabansa ɗayansu ya ce tsofaffin masu katako su ne suka hana garin ci gaba. Eleodoro ya naɗe takardunsa ya fito daga majalisar.

A gida matarsa Tránsito ta ajiye masa kofi da soyayyiyar ayaba.

"Sun sallame ka ne?"

"Ni na taho."

"To madalla. Rufin ɗakin girki na yoyo tun daminar bara, mai gyaran gari."

"Gobe, Tránsito."

Washegari ya jingina tsani, ya hau 'yan matakai, gwiwa ta ƙi. Ya sauko ya zauna a baranda, ya ce ta aika a kira kafinta. Da kafintan ya zo, bai ko tashi ya duba aikin ba.