Rezar Baba da Takardar Digirina

Wata uku da ritayar Baba, gidanmu na Badarawa ya yi masa kaɗan. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana jera fayil a ofis, sai ya dawo yana jera mu. Ya jera tukwanen Umma daga babba zuwa ƙarama, ya manna wa kowane makulli lamba, har tsintsiya sai da ya yanka mata wurin zama. Ran nan da na leƙo gaisuwa, Umma ta ja ni gefe ta ce, "Ki samo wa mahaifinki abin yi tun bai buɗe min fayil ba."

Ni kuma da karambani na miƙa masa wayata. Bidiyon wata tsohuwa Bayahudiya ne tana yankan takarda, sana'ar da ta ce ta gada kaka da kakanni. Takan ninke farar takarda biyu, ta zana rabin hoto, ta bi shi da 'yar wuƙa mai tsini tana cire gutsi-gutsi. Da ta buɗe sai ga zakuna biyu suna kallon juna, ga rassa da tsuntsaye da fitila mai kai bakwai, duk a riƙe da juna kamar leshi. Ta ce wani a bangon gabas ake rataye shi don a san inda za a fuskanta wajen addu'a, wani kuma takardar aure ake ƙawatawa da shi, tunda ita ce takarda mafi daraja a gida. Sana'ar ta kusa ɓacewa, in ji ta, amma ta farfaɗo, har wasu da na'ura suke yankawa yanzu.

"Na'ura?" in ji Baba. "Ragwaye." Ya ce a sake kunna masa.

Washegari ya sauka kasuwar Kawo ya sayo reza da katako mai laushi, ya faɗa wa tsofaffin kalandun gidan. Na farkon da ya buɗe, tsakiyar ta faɗo masa a cinya, ya tsaya riƙe da rami. A haka ya gane sai an bar wa kowane ganye ɗan siririn wurin da zai kama ɗan'uwansa. Umma ta ce ba za a kafa mata zaki a falon da take salla ba, don haka ya koma furanni da dagi. Aka shiga tsintar takarda a miyar kuka. Kalanda ta ƙare, ya koma katin gayyatar biki, kullum yana mitar takardun zamani ba su da jiki. Na ji mitar nan da kunnena, na yi dariya na wuce.

Ana nan aka ce za a tantance ma'aikata a wurin aikinmu. Kowa ya zo ranar Litinin da ainihin takardunsa, wanda aka ga tasa da matsala a cire sunansa. Nawa suna akwatin ƙarfen Baba tun ranar da na karɓo su, domin a ganinsa ba a haifi mai iya ajiya bayansa ba. Ranar Lahadi bayan la'asar na taso daga gidana a Hayin Banki. Ya miƙo min babbar ambulan yana wani murmushi da ban yarda da shi ba.

Na zaro takardar digirina. Gefenta huɗu duk sun zama leshi: reshe na bin reshe, furanni ƙanana kamar ƙwayar gero, dagi a kowace kusurwa. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau.

"Baba! Gobe fa za a tantance mu!"

"Ai ban ninke ta ba," ya ce. "Ni zan ninke satifiket? Da rula na auna. Ga hatimi, ga sa hannu, ga lamba, ko kusa da su ban je ba."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce ya kashe min aiki don ya rasa abin yi. Na fita ko sallama babu, kuma har yau ina jin kunyar maganar.

Da safe na buɗe ƙofa na gan shi tsaye cikin farin kaftani, biro a aljihu. Muka hau keke.

Jami'ar da ke tantancewa ta ɗaga takardar ta hanga a haske, ta juya bayanta, ta kira abokin aikinta. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, ɓera ne ya yi wannan?"

"Ga ɓeran a tsaye, ranki ya daɗe," in ji Baba. Ya gyara hula, ya roƙi a nuna masa dokar da ta faɗi faɗin gefen takarda. Jami'ar ta duba lambar, ta bi jerin da ke gabanta da yatsa, ta daɗe a kai kamar da gangan. Can ta buga hatimi tana danne dariya, ta ce in kwashe sauran takardun daga hannunsa tun yau.

A hanyar komawa na tattaro haƙurin da zan ba shi, sai ya riga ni magana, idonsa na kan titi. Ni ce 'yar farinsa, kuma irin mutanen da ne, sunana ma ba ya faɗa, balle ya yabe ni a gabana.

"Ranar da kika kawo takardar nan," ya ce, "cewa na yi 'to, madalla', na sa a akwati. Shekara goma sha ɗaya abin yana cina. Bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ba hannu."

Na rungume ambulan ɗin na juya kai, ina kuka kamar wadda aka kora. Mai keke ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, haƙuri, wani aikin zai zo."