Ban Yafe Wa Wanda Ya Sace Aikin Yaya Sani Ba

Shekara tara ke nan cif da aka fito da gawar yayana, Injiniya Sani, daga gidanmu na Tudun Wada. Ana ce mini lokaci na sanyaya zuciya. Tawa dai ba ta sanyaya ba.

Yaya Sani yana aiki ne a wata masana'antar da ke ƙera kayan gyaran injin niƙa. Damuwarsu kullum ita ce injin sassaƙa ƙarfe: in an ba shi gudu sai bakin wuƙarsa ya ƙone, in an rage sai aiki ya ƙi ci. Kowane ma'aikaci da kintace yake saita shi. Yaya ya shekara biyu yana rubuta wata manhaja a tsohuwar kwamfutarsa, a kan tabarmar tsakar gidanmu. Da na tambaye shi me take yi, sai ya ce in tuna yadda Baba ke ware irin masara. Kwamfutar za ta ƙirƙiro saiti iri-iri na gudun injin da zurfin yanka, ta gwada su a lissafi, ta zubar da marasa kyau, ta haɗa nagarin su haifi sababbi, zuriya bayan zuriya, har a sami wanda ya fi. Dabarar ba shi ya ƙago ta ba, ya sha faɗa mini haka, amma shi ya horar da ita ga tsofaffin injinan da muke da su a nan.

Ta kuwa yi aiki. Wuƙaƙe suka daina ƙonewa, ƙarfen da ake zubarwa ya ragu.

Shugaban sashensu, wanda ba zan ambaci sunansa ba tukuna, mutum ne da ya sha cin tuwon Innarmu. Ya karɓi aikin ya ce zai kai wa masu kamfani. Ya kai, amma da sunansa a kai. Aka ɗaga shi, aka tura shi taro ƙasar waje. Da Yaya ya yi magana, sai aka ce ya cika rashin ladabi, cikin wata uku aka sallame shi. Ya koma gyaran janareta a wata rumfa ta hanyar Tudun Jukun, ya daina taɓa kwamfuta, ya daina hira. Hawan jini ya kama shi, wata ranar Talata da hantsi ya faɗi a bakin rumfar. Na san ajali na Allah ne. Na kuma san wanda ya sa ya yi shekararsa ta ƙarshe kansa a sunkuye.

Yau kowa maganar ƙirƙirarriyar basira yake yi, har masu keke. Da Yaya na raye, na san dariya zai yi, ya jawo kujera ya shiga koya wa mutane. Wataƙila ma da tuni ya yafe. Shi haka yake. Ni ba haka nake ba.

Watan jiya tsohon shugaban sashen nasu ya zo gidanmu, wai zai tafi aikin hajji, yana neman gafara. Ni na fita zaure na same shi. Ya tsufa.

"Hajiya Binta, abin da ya wuce ya wuce," in ji shi. "A yafe wa juna."

Na ce, "Alhaji, me ka yi da za a yafe maka? Faɗe shi."

Ya kasa. Ya ce an dai sami rashin fahimta. Na gaya masa takardun Yaya na hannuna, da rubutunsa da gyare-gyarensa, kuma na riga na ba wasu tsofaffin abokan aikinsu biyu sun duba, sun ce za su yi shaida. Ko ya tsaya gaban masu kamfanin ya faɗi gaskiya da bakinsa kafin ya hau jirgi, ko in faɗe ta da nawa, da cikakken sunansa, a wannan shafin.

Har yau injinan nan da lissafin Yaya suke juyawa, masu aiki da su ba su taɓa jin sunansa ba. Za su ji. Saura kwana goma sha ɗaya jirgin su Alhaji ya tashi, kuma ya san ƙofar gidanmu.